Firam ɗin keke ya tsage, mai shago ya ce ba ruwansa: me doka ta ce?

Tambaya: Ranka ya daɗe lauya, a Harobanda nake zaune, nan Yamai. Na sayi sabon keken hawan dutse a wani shago kan jika 350, mai shagon ya ce mini da baki akwai garanti na shekara guda. Wata huɗu ke nan ina fita da shi cikin tuddan bayan gari. Yanzu firam ya tsage daidai wurin walda, kusa da wuyan keken, kuma ban taɓa faɗuwa da shi ba. Da na koma sai ya ce ni na kai shi cikin duwatsu, ba ruwansa. Ina da hakki kuwa?

Amsa: Malam, kana da hakki. Amma kafin komai, don Allah kada ka kai keken nan wurin mai walda. Da zarar wuta ta taɓa tsagar, hujjarka ta ƙone. Ka daina hawansa kuma, domin firam da ya tsage a wuya yana iya rabuwa biyu kana tsakiyar gangara.

Ƙofa biyu ke gabanka, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Ta farko garantin kamfanin da ya ƙera keken. Manyan kamfanoni irin su Trek da Giant kan ba da garantin firam na tsawon rai, amma ga wanda ya fara saye kawai, da takardar saye, ta hannun dillalin da suka amince da shi. Ba sa ɗaukar taya, sarƙa ko robar birki, don waɗannan aiki ne ke cinye su. Idan kekenka ya shigo ta hannun ɗan kasuwa da ya ɗauko kaya daga Lome ko Dubai, wannan ƙofa tana da nisa. Ka gwada, ka tura musu hoto da lambar keken da ke ƙarƙashin firam, wajen da feda ke juyawa, amma kada ka zauna jiransu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kusa, kuma a kanta nake so ka tsaya. Kundin dokar farar hula da Nijar ke aiki da shi, a sashe na 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin duk wani aibi na ɓoye da zai hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Wannan garanti doka ce ta ba ka, ko an rubuta a takarda ko ba a rubuta ba. Sashe na 1644 ya bar maka zaɓi: ka mayar da keken a ba ka kuɗinka, ko ka riƙe shi a rage maka wani abu daga farashin. In kuma aka tabbatar ya san da aibin ya yi shiru, sashe na 1645 ya ƙara masa biyan diyya. Akwai kuma dokar kare hakkin masu saye ta 2015 da ke ƙarfafa maka gwiwa. Dokokin ciniki na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, kuwa bar su gefe, na ciniki ne tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa.

Maganarsa cewa ka kai keken cikin duwatsu ba ta da ƙarfi kamar yadda yake zato. Wanda ya sayar maka da keken hawan dutse ba zai zarge ka don ka hau dutse ba. Sai dai a nan akwai abin lura. Kamfanoni da yawa suna kasa kekuna aji biyar bisa ma'aunin ASTM, wata ƙungiyar tsara ma'aunan ingancin kaya da ke Amurka: aji na 2 na hanyar tsakuwa ne da tsallen da bai wuce santimita 15 ba, aji na 3 na hanya mai gargada da tsallen da bai kai santimita 61 ba. Duba littafin keken ko tambarin da ke jikin firam. Idan naka aji na 3 ne, kuma tafiya kake a kan marmara da kwazazzabai ba tsalle daga kan tudu ba, ka yi aiki da shi yadda ya dace.

Inda shari'ar za ta tsaya shi ne wannan: aibin tun daga ƙira yake, ko buguwa ce? Kai ne za ka kawo hujja. Tsagar da ta bi layin walda tsaf, babu lotsawa, babu karcewar fenti a kusa, ƙafar gaba kuma ba ta lanƙwashe ba, ta fi kama da aibin ƙira. Ka ɗauki hotuna da rana, na kusa da na nesa. Ka sami ƙwararren mai gyaran keke ya duba ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. In kana da hali, ma'aikacin shari'a da ake kira huissier ya zo ya rubuta halin da keken ke ciki; takardarsa tana da nauyi a gaban alƙali. Idan ba a ba ka takardar saye ba, tara abin da ke hannunka: shaidar tura kuɗi ta Nita ko Amana, saƙonnin WhatsApp, da wanda ya raka ka ranar ciniki ya ji alkawarin shekara guda da kunnensa.

Kada ka yi sanyin jiki. Sashe na 1648 ya ce a shigar da ƙara cikin ɗan gajeren lokaci, alƙali ne kuma ke auna ko ka makara.

Ni dai shawarata ka fara da sulhu. Ka je da babba, ko ta hannun shugaban 'yan kasuwar wurin. Mayar da kaya saboda aibi abu ne da fiƙihun Malikiyya ya tabbatar, kuma ɗan kasuwa mai kishin sunansa ya san haka. Ka shiga da buƙata bayyananna: sabon firam, ko kuɗinka. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, aika masa takardar gargaɗi ta hannun huissier, ka ba shi kwana 15, ka ajiye kwafi. Wa'adin na cika bai motsa ba, ɗauki takardunka ka sami lauya ya duba kotun da ta dace, ku auna kuɗin shari'a da darajar keken kafin ku shigar da ƙara.