Biyar ne kawai suka iya waƙa a cikinmu, za mu iya shirya wasan barkwanci mai waƙa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa-kai. Mu 22 ne, akwai ma'aikata, akwai ɗalibai, kuma ba a biyan kowa. Shekara uku muna yin wasannin magana zalla, bana kuma mun ƙudura gwada wasan barkwanci na zamani, irin mai waƙa da rawa. Waɗanda suka iya waƙa sosai ba su wuce biyar ba, kuma sau biyu muke haɗuwa a mako. Ta ina za mu fara, ko dai mu haƙura?

Amsa: Malama, kada ku haƙura. Mutum biyar sun isa ɗaukar manyan waƙoƙi, sauran su shiga amshi, inda murya ke rufa wa murya asiri. Abin da ya fi damuna shi ne ku zaɓi wasa don ya burge ku a bidiyo, sannan ku dawo kuna neman wanda zai iya rera shi. A fara da mutanen da ake da su. Ku samo mai fiyano, kowa ya rera baiti ɗaya, a rubuta inda muryarsa ta tsaya a sama da inda ta tsaya a ƙasa. Da wannan takardar a hannu za ku je neman wasa. Da kaɗe-kaɗe masu wuya gara labari mai ƙarfi.

Idan wasan wani ne za ku ɗauka, sai da lasisi. Yarjejeniyar Bern, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare ayyukan marubuta, ta sa haƙƙin mallaka ya kai aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci, ƙasashe da dama kuma sun kai shi 70, don haka duk wasan da za a kira na zamani yana da masu shi. Kamfanoni irin su Music Theatre International da Concord Theatricals ne ke ba ƙungiyoyi irin taku izini, kuma sukan duba yawan kujeru, kuɗin tikiti da yawan ranakun wasa kafin su yanka farashi. Ko kallon kyauta ne, dole sai an nemi izinin. Ku karanta sharuɗɗan da kyau: yawanci ba a yarda a cire waƙa ko a sauya magana ba sai an tambaya, fassara ma haka, ɗaukar bidiyo kuwa izininsa daban. Kada ku buga talla kafin takardar ta zo hannu. Idan littattafan haya aka aiko muku, da fensir ake rubutu a ciki, domin a goge ake mayar da su.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. A wasan barkwanci mai waƙa, dariyar tana cikin kalmomin waƙar, sau da yawa a kalmar ƙarshe ta baiti. Mai zaƙin murya da ke haɗiye ƙarshen kalma ya kashe raha, 'yan kallo za su tafa masa amma ba wanda zai dara. Ni dai idan aka ajiye mini gwanin murya da gwanin fuska mai fitar da harafi tsaf, na biyun zan ba babban matsayi, ko da muryarsa na da ɗan kaushi. Ku sa 'yan wasa su riƙa faɗin kowace waƙa kamar hira, ba kiɗa, har sai sun gane wa suke yi wa magana da abin da suke nema a wurinsa. Daga nan a mayar da kiɗan. Sannan darakta ya zauna a kujerar ƙarshe ta zauren, duk kalmar da bai ji ba ya tsayar da su a maimaita.

Ku kuma hana su nuna cewa sun san abin dariya suke yi. Wanda ke cikin tsaka-mai-wuya a labarin, a wurinsa ba wasa ba ne, kuma wannan gaskiyar tasa ita ke ba mutane dariya. Da zarar ya fara satar kallon 'yan kallo yana jiran su fashe, to ya zubar.

Da haɗuwa biyu a mako, ku ba kanku wata uku zuwa huɗu. Makonnin farko na waƙa ne, a zaune. Rawa ta biyo baya, kuma ta zama mai sauƙi: taku huɗu da kowa ya yi tare ya fi taku goma da kowa ya kama gabansa. Ku tuna mai rawa numfashi yake ci, saboda haka kada a ɗora tsalle a daidai inda ake jan dogon sauti. Wata guda kafin wasa kowa ya haddace nasa ya ajiye takarda.

Batun makaɗa, kiɗan da aka naɗa ya fi araha, kuma wasu kamfanonin lasisi na bayar da shi haya. Sai dai na'ura ba ta jira. Idan zaure ya ɓarke da dariya, mai fiyano zai riƙa maimaita 'yar gabatarwa har a lafa, idan mawaƙi ya tsallake layi ya bi shi ya tarbo shi. Mai fiyano ɗaya da mai ganga ɗaya sun ishe ku. In kuwa dole sai naɗaɗɗen, a ba mutum ɗaya aikin kunnawa tun daga atisayen farko.

A makon ƙarshe ku yi cikakken gwaji biyu da kaya da fitilu da makirufo, a sa sabon batir kowane dare. A na biyun ku gayyato mutum goma sha biyar da ba su taɓa jin labarin ba. Su za su nuna wa 'yan wasanku inda za su dakata a gama dariya, kuma za ku tarar wurin da kuka fi shan dariya a atisaye an wuce shi shiru, wani layin da ba wanda ya kula da shi kuma ya tayar da zauren.