Tambayi Likita: Dishewar Murya, Cire Beli da Ƙwarewar Yara

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin Islamiyya ne a Kumo, ina biya wa yara karatu safe da yamma, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Tun shigowar hunturu muryata ta dishe, yau wata biyu ke nan. Na sha zuma da citta da kanumfari, na sayi kafso a kyamis, babu canji. Da asuba in na ɗaga murya sai ta tsinke. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa", za ka ji yana karkarwa. Abin da ka taɓa bangon gaba ne na wani ɗan akwatin guringuntsi da ke saman bututun iska. A cikinsa akwai tantani biyu kwance daga gaba zuwa baya, tsawonsu a babban namiji bai wuce santimita 2 da rabi ba, na mace bai kai 2 ba. In kana numfashi sai su buɗe. In za ka yi magana sai su matso su haɗu, iskar huhu ta ratsa su, su riƙa kaɗawa suna bugun juna, kimanin sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sama da sau 200 ga mace.

To ka ƙiyasta bugun da suke sha a wunin da ka yi kana ɗaga murya sama da ta yara. Yadda fartanya ke sa wa hannun manomi kanta, haka bakin tantanin nan ke yin kanta ko ɗan ƙurji, sai su kasa haɗuwa tsaf, iska ta riƙa zurarewa, murya ta fito a shaƙe. Hunturu kuma ya zo da ƙura da bushewa ya ƙara wa Barno dawaki.

Dishewar da mura ke kawowa takan wuce cikin sati ɗaya zuwa biyu, kuma kafso ba ya yi mata komai. Wadda ta haura sati huɗu kuwa ba a yi mata magani da ka, sai an leƙa an gani. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Akan fesa maganin kashe zafi a hanci, a zura siririn bututu mai fitila, cikin 'yan mintoci a ga tantanin. Muna nacewa a kan wannan ne saboda ba gajiya kaɗai ke dishe murya ba. Ƙwarnafi yana yi, idan ruwan ciki na taso wa mutum da dare. Tarin TB yana yi. Shanyewar jijiyar da ke motsa tantanin tana yi, musamman bayan aikin maƙoƙo. Kansar maƙogwaro ma da dishewa take sallama, galibi ga masu shan taba, kuma wadda aka gano tun tana kan tantanin tana warkewa sosai. Duk wanda dishewarsa ta haɗu da jini a majina, ko zafin haɗiya, ko ƙullutu a wuya, ko rama, kada ya jira ko da satin huɗun.

Zuma alheri ce, tana lafar da maƙaƙi, amma ka sani abin da ka haɗiye ta bututun abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. Abin da ke isa gare su shi ne ruwan jiki da tururi. Ka sha ruwa kamar lita 2 a wuni, wato ledar fiya wata huɗu, ka yi sirace da ruwan zafi zalla. Ka nemi ƙaramar lasifika ta aji, ka bar manyan ɗalibai su riƙa biyawa, ka ba wani kiran salla na ɗan lokaci. Raɗa ba hutu ba ce, takura tantanin take yi, haka yawan gyaran murya. Tuwon dare kuma a ci shi awa uku kafin kwanciya.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa biyu. Da dare yana wani tari kamar haushi, in ya ja numfashi sai ka ji ƙara. Kakarsa ta ce beli ne, a kira wanzami. Daga wata uwa a Azare.

Amsa: 'Yar'uwa, ki roƙi Hajiya cikin ladabi ta dakata da maganar wanzami. Beli can sama yake, a ƙarshen ganɗa, ƙarar nan kuwa daga ƙasan tantanin murya take fitowa, inda aska ba ta kaiwa. Wurin a jikin jariri faɗinsa kimanin milimita 4 ne kacal, kumburin milimita 1 a kewaye kan cinye kashi uku cikin huɗu na hanyar. Ƙwayar cutar mura ce ke kumbura shi, tsakanin wata 6 zuwa shekara 3 ta fi kama yara, kuma da dare take tsananta. A asibiti akwai maganin sace kumburi da sau ɗaya ake bayarwa. Yanka beli a wannan hali ƙarin haɗari ne, domin jini na iya gangarawa hanyar da dama ta ƙuntata.

Ki zaunar da shi a cinyarki ki rarrashe shi, kuka na ƙara toshe hanyar. Amma in ƙarar ba ta tsaya ba ko yana kwance shiru, ko ramin wuyansa da ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, ko leɓensa ya canza launi, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye.

Ki duba katin rigakafinsa ma. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya addabi jihohin Arewa, har da Bauchi. Shi yakan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura. Ba a kankare ta a gida. Allurar rigakafin Penta ta sati 6, 10 da 14 da haihuwa ce ke kare yaro, kyauta ce, kuma wanda ya tsallake ana iya cike masa.

Tambaya: Me ya sa yara ke ƙwarewa da gyaɗa, kuma me za a yi nan take? Daga wani magidanci a Bajoga.

Amsa: Malam, duk haɗiya maƙogwaro kan ɗaga sama, wani murfi mai kamar ganye ya rufe ƙofar iska. Yaro na dariya ko gudu da gyaɗa a baki sai ta riga murfin. Shi ya sa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 gyaɗa ko aya ɗungurungum, sai an daka.

In yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi, kada a cusa masa yatsa ko a ɗura masa ruwa. In ya kasa tari da kuka, ka sunkuyar da shi ka buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ka tsaya bayansa, ka dunƙule hannu a saman cibiya, ka ja ciki da sama sau 5, ka yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a danna masa ciki: a kife shi a kan hannu, kai a ƙasa, a buga baya sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. In kuma abin ya lafa amma tari ko shesheka sun ci gaba, a kai shi asibiti a faɗa musu ya ƙware, domin gyaɗa sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙirji.