Fatawa: Hukuncin allurar ƙara kuzari a wasan besbol, da matsayin tarihin da aka kafa da ita

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, tasi nake tuƙawa. Ɗana na fari yana da shekara 16, yana buga besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, a makarantar sakandare, burinsa ya samu gurbin karatun jami'a kyauta ta hanyar wasan. Kwanakin baya mahaifiyarsa tana gyara masa ɗaki ta tsinci wata 'yar kwalba da sirinji biyu a naɗe cikin safa a ƙasan jakar wasansa. Da na tsare shi sai ya ce sitiroyid ne, wani abokinsa ya ba shi, kuma bai fara yi ba tukuna. Amma ya kafa mini hujja: wai abin ba ya sa maye, don haka ba haram ba ne, kuma wai manyan 'yan wasa sun yi amfani da shi, ga shi har yau sunan Barry Bonds ne a saman littafin tarihi, ba wanda ya goge. Malam, mene ne hukuncin wannan allura? Shi kuma tarihin da aka kafa da ita, halal ne a yaba shi, ko wajibi ne a share shi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da ya sa aka ga kwalbar nan tana rufe, kuma ka gode wa uwar yaron. Ka kuma lura cewa ɗanka ya faɗa maka gaskiya, ya kawo hujja. Yaron da ke kawo hujja ana iya shawo kansa da hujja.

Hukuncin dai shi ne: haramun ne lafiyayyen mutum ya sha ko ya yi allurar sitiroyid mai gina tsoka don ya fi abokan gasarsa, kuma haramun ne sayar da shi ko bayar da shi don wannan manufa. Ɗanka ya yi gaskiya da ya ce ba ya sa maye, shi ya sa ba ma ba shi hukuncin giya. Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa maye kaɗai ke haramta abu. Guba ba ta sa maye, riba ma haka.

Dalili na farko shi ne cuta. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku cikin halaka, kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "La darara wa la dirara", babu cuta babu cutarwa. Likitoci ba su da saɓani a kan abin da wannan sinadari ke yi wa wanda ba ya buƙatarsa. Yana lalata hanta, yana kumbura zuciya, yana hawar da jini, yana motse 'ya'yan maraina har maniyyi ya yi ƙaranci, yana fito wa namiji da nono. A jikin ɗan shekara 16 kuwa yana iya rufe gaɓoɓin girma na ƙashi tun lokaci bai yi ba, tsayin yaro ya tsaya inda yake. Sannan idan aka daina shi farat ɗaya yakan jefa mutum cikin baƙin ciki mai tsanani. Akwai wani yaro a jihar Texas, Taylor Hooton, ɗan shekara 17 mai jifan ƙwallo a ƙungiyar makarantarsu, wanda ya kashe kansa a 2003 bayan ya daina amfani da shi. Mahaifinsa ya je gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka ranar 17 ga Maris 2005 ya ba da labarin ɗansa, a zaman da aka gayyato manyan taurarin wasan. Ka ba ɗanka wannan labari, don tsaransa ne, kuma burinsu ɗaya.

Kada a haɗa wannan da magani. Wanda likita ya gwada ya ga jikinsa ba ya samar da sinadarin mazakuta yadda ya kamata ya rubuta masa, wannan neman magani ne, kuma shari'a ta yi umarni da shi. Haka abin shaƙa na masu asma da wasu magungunan kumburi, su ma ana kiransu sitiroyid, amma jinsinsu daban ne, kada wani ya karanta wannan fatawa ya jefar da maganinsa.

Dalili na biyu, wanda ya fi shafar tambayarka, shi ne algus. Ko da a ce an wayi gari an ƙirƙiro irin wanda ba ya cutar da jiki ko kaɗan, haramcin yana nan a fagen gasa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah ya wuce ta wajen wani tarin hatsi a kasuwa, ya tura hannunsa ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Ya tambayi mai hatsin, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce: me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ka duba da kyau, Annabi bai zarge shi da jiƙewar hatsi ba, ɓoyewar ya zarga. Ɗan wasan da ya shiga fili da sinadari a jininsa ya ɓoye danshinsa ga abokin karawa, ga ƙungiyar da ke biyansa, ga mai kallo da ya sayi tikiti, ga kuma yaron da aka bari a benci domin shi bai yarda ya yi allura ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba ni tausayi, don babu littafin da zai rubuta sunansa.

Shari'a ba ta ƙi gasa ba, ba ta kuma ƙi horo ba. A hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, Annabi ya shirya sukuwa tsakanin dawakan da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajeriyar tazara, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Horon nan shi ne a ciyar da doki ya murje, sannan a rage masa abinci a lulluɓe shi ya yi gumi har jikinsa ya ɗaure. To ga horo an halatta, amma a fili, kuma kowane doki da ajinsa. A ruwayar Abu Dawud kuma an hana "jalab" da "janab" a tsere, wato a sa wani ya bi bayan dokinka yana masa tsawa, ko ka jawo wani doki a gefe ka koma kansa idan naka ya gaji. Duk taimakon da ke wajen sharaɗin da aka yi tsere a kai an toshe shi. Ɗaga ƙarfe, cin abinci mai kyau, isasshen barci, duk wannan horo ne. Allurar da ake ɓoyewa a safa kuwa doki na biyu ne. Ga kuma alkawari: ɗan wasa ya sa hannu a kan dokar gasa, Allah kuma ya buɗe Suratul Ma'ida da cewa ku cika alkawura. Ƙari a kan haka, tun 1990 dokar Amurka ta sa wannan sinadari cikin waɗanda mallakarsu ba da takardar likita ba laifi ne, kai kuma baƙo ne mai iyali a ƙasar.

Sai maganar tarihi. A besbol, bajintar da aka fi ji da ita ita ce bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili. Babe Ruth ya yi irinsa 60 a kakar 1927. Sai 1961 Roger Maris ya yi 61, kuma wannan adadi ya zauna shekara 37 ba wanda ya taɓa shi. Kwatsam daga 1998 zuwa 2001 aka haura shi har sau shida, mutum uku kuma suka yi hakan: Mark McGwire ya yi 70 a 1998, Sammy Sosa ya yi 66 a shekarar, Barry Bonds ya yi 73 a 2001 yana ɗan shekara 37, alhali kafin nan bai taɓa wuce 49 ba. Da aka fara gwajin fitsari daga 2003, sai aka sake ɗaukar shekaru ba wanda ya wuce 61, har 2022 da Aaron Judge na ƙungiyar Yankees, maƙwabtanku na Bronx, ya yi 62. A watan Agusta na 2007 Bonds ya wuce jimillar irin wannan bugu 755 da Hank Aaron ya tara a duk shekarunsa na wasa, ya ƙare da 762. A Disambar shekarar ne rahoton tsohon sanata George Mitchell ya fito da sunayen 'yan wasa sama da 80 da ake zargi da amfani da irin waɗannan sinadarai.

Ɗanka zai ce Bonds gwani ne tun kafin a fara zarginsa, kuma gaskiya ne, sau uku yana zama gwarzon shekara kafin 1994. Zai ce allura ba ta koya wa ido ganin ƙwallo. Amsar tana cikin hadisin "musarra" na Bukhari da Muslim, inda Annabi ya hana a ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don mai saye ya ga ta cika da nono. Dabbar nan tana da nononta na gaske. Abin da aka ƙara shi ne ƙaryar, kuma saboda wannan ƙarin aka ba mai saye zaɓin ya riƙe ta ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Kasancewar asali na gaskiya ba ya wanke ƙarin.

To a share lambobin ke nan? Ra'ayina a'a. Littafin tarihi shaida ne kan abin da ya faru, kuma ƙwallon nan ta tsallake katanga sau 73 a gaban dubban mutane. Goge ta ƙarya ce ta biyu. Amma rubuta lambar tsirara, a bar mai karatu ya ɗauka an same ta kamar yadda Aaron ya samu tasa, shi ma ɓoye shaida ne, kuma Allah ya ce kada ku ɓoye shaida, ya kuma ce kada ku tauye wa mutane kayansu. Malaman hadisi sun riga kowa warware irin wannan. Ba su goge sunan mai ruwaya mai rauni daga littafi ba, sukan rubuta shi su rubuta halinsa a gefe: wane amintacce ne, wane ana tuhumarsa, wane ya yi iƙirarin ƙirƙira. Wannan shi ne adalci a nan. Abin sha'awa, ƙwallon da Bonds ya buga ta 756 an saye ta a gwanjo, mai sayen ya sa jama'a suka kaɗa ƙuri'a, aka yi mata tambarin tauraro alamar akwai magana, sannan aka kai ta gidan tarihin wasan da ke Cooperstown. Marubutan wasanni masu zaɓen waɗanda za a karrama a gidan kuma sun yi shekara goma suna duba sunansa, a zagayen ƙarshe a 2022 ya samu kashi 66 cikin ɗari, alhali 75 ake bukata. Ka ga hujjar ɗanka ta rushe daga tushe: lambar tana nan, girmamawar da yake hange ce ba a ba shi ba.

Sai dai ina gargaɗinka, kai da shi, game da harshe. Mutanen nan ba matsayinsu ɗaya ba. McGwire ya fito da bakinsa a Janairun 2010 ya ce ya yi amfani da shi, har da kakar 1998. Alex Rodriguez ya amsa a 2009, daga baya kuma aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya. Rafael Palmeiro ya nuna yatsa a gaban majalisa a 2005 ya ce bai taɓa ba, bayan 'yan watanni gwaji ya kama shi. Waɗannan akwai iƙirari ko hujja, faɗin abin da suka yi don gargaɗi ba giba ba ne. Bonds kuwa bai taɓa amsa cewa ya yi da saninsa ba. Mai horar da shi ya amsa laifin rarraba sinadarin, alamomi kuma suna da ƙarfi, amma hukuncin da kotu ta yanke wa Bonds a 2011 na kawo cikas ga shari'a an soke shi a 2015. Roger Clemens ma kotu ta wanke shi daga tuhumar yi wa majalisa ƙarya a 2012. A kan irin waɗannan, musulmi ya ce ana tuhumarsu kuma ga dalilan tuhumar, ya tsaya nan. Ya halatta ka ƙi ɗaukar mutum abin koyi saboda tuhuma mai ƙarfi, amma rantsuwa a kan abin da ba ka tabbatar ba wani abu ne daban, ko da wanda ake magana a kansa ba musulmi ba ne.

Kuma laifin ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yajin aikin da 'yan wasa suka yi a 1994 ya kori 'yan kallo, tseren McGwire da Sosa ya dawo da su, masu ƙungiyoyi suna ƙirga kuɗi, aka ja ƙafa wajen kafa gwaji duk da cewa tun 1991 shugaban hukumar wasan ya aika takardar hani. Wanda ya ga algus ya yi shiru don yana cin riba yana da kasonsa na zunubi.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, ƙofar tuba a buɗe take: ya daina a hannun likita, ya yi nadama, ya mayar da kyauta ko matsayin da ya san da algus ya samu gwargwadon ikonsa, kada kuma ya ci gaba da karɓar yabo a kai, domin Annabi ya kwatanta mai ƙawa da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka hana yaron wasa, kada ka tona shi a gaban ƙannensa. Kwalbar nan kada ta koma hannun wanda ya bayar, don zai miƙa wa ɗan wani. Ka kai ta kantin magani da ke karɓar magungunan da za a lalata. Ka kai ɗanka likita a duba jininsa ko da ya ce bai fara ba, ka ce masa don hankalin mahaifiyarsa ya kwanta ne. Idan ka san iyayen abokin nan, ka same su a asirce ka gaya musu, domin ɗansu yana cikin haɗarin da naka ya tsallake. Ranar da yake da wasa kuma ka ajiye tasi na awa biyu ka je ka zauna inda zai hango ka.

Allah ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.