Tambaya da Amsa: Su Wane ne Petra?

Tambaya: Baba mai shafin kiɗa, ina gaisuwa. Ni matashi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Na ji waƙoƙin wata ƙungiya mai suna Petra, sun shiga raina ƙwarai, amma kawuna ya ce kiɗan rock ba ya haɗuwa da bishara. Don Allah su wane ne su, kuma akwai laifi a saurarensu?

Amsa: Ɗana, ina amsawa. Maganar kawunka tsohuwa ce, da ita aka tarbi Petra tun ranar da suka fara.

Bob Hartman, makaɗin jita, shi ya kafa ƙungiyar a 1972 a garin Fort Wayne na jihar Indiyana, Amurka, tare da abokansa na makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Faifansu na farko ya fito a 1974, na biyu a 1977, kuma duka biyun ba su yi kasuwa ba. Majami'u da dama sun rufe musu ƙofa, wasu shagunan littattafan Kirista suka ƙi ajiye faifansu. Su ma gidajen rediyon duniya ba su kula su ba, domin sunan Yesu ya cika bakinsu. Kusan shekara goma suna haka, ba a karɓe su nan ba, ba a karɓe su can ba. Wannan haƙurin ne ya sa nake girmama su.

Hanya ta buɗe a 1981 da faifan Never Say Die, lokacin Greg X. Volz ne jagoran waƙa. More Power to Ya ya biyo baya a 1982. A zamanin nan ne jita-jita ta yaɗu cewa mawaƙan rock suna ɓoye saƙon Shaiɗan a faifai, sai an juya shi baya ake ji. Petra suka saka nasu saƙon da gangan a farkon waƙar Judas' Kiss: duk wanda ya juya, abin da zai ji shi ne tambaya, me ya sa yake neman Shaiɗan bai nemi Ubangiji ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na John Schlitt. A da shi ne mawaƙin wata ƙungiyar rock mai suna Head East, giya da hodar iblis suka raba shi da ita a 1980. Ya tuba, ya bar waƙa shekaru, har Hartman ya kira shi bayan tafiyar Volz. Ya shiga Petra a 1986. Idan ka ji muryarsa mai kaifi tana waƙar ceto, ka san mutumin ya ga ramin da aka fitar da shi. Da shi suka yi Beyond Belief a 1990, wanda ya kawo musu Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, ta farko cikin huɗu da suka samu. A 2000 aka sa su cikin Gospel Music Hall of Fame, wato jerin karrama gwarazan waƙar bishara, a ƙarshen 2005 suka yi ban kwana, ko da yake sun sake haɗuwa daga baya.

Game da laifi kuwa, ni ban ga shi ba. Hartman ne ya rubuta yawancin waƙoƙin, kuma ya saba sa ayoyin da ya ɗauko maganar a jikin takardar faifai, ta yadda za ka buɗe Littafi ka gwada da kanka. Sai dai kawunka yana da gaskiya a gefe ɗaya: ƙarar jita da ganguna kan danne kalmomi, matashi ya yi ta girgiza kai bai san abin da ake faɗa ba. Na ga haka, kuma ba na so ya same ka.

Kada ka yi gardama da shi. Nemi Petra Praise: The Rock Cries Out na 1989, faifan yabo ne zalla. Rubuta kalmomin waƙa ɗaya a takarda, ka kai masa ya karanta tukuna, sannan ka roƙe shi ku saurara tare.