Tambayoyinku: Magana ta Tauraron Ɗan Adam da Rediyon Hannu

Wani mai karatu daga Zariya ya ce: "Malam, ina da lasisin rediyon masu sha'awa da kuma ƙaramin rediyon oba-oba. Da wace mita zan fara kama tauraron ɗan adam?"

Malam, ka fara da zango biyu da rediyonka ke da su: 145 da 435 megahaz. Taurarin da ke shawagi kusa da ƙasa suna karɓar magana a zango ɗaya, su mayar da ita a ɗayan. SO-50 na Saudiyya, wanda aka harba a 2002, ana aika masa a 145.850 tare da siririn sauti na 67 haz, a saurare shi a 436.795. Na'urar da ke tashar sararin samaniya ta ISS kuwa 145.990 ake aika mata da wannan sautin, a saurara a 437.800.

Tauraron ba ya jiran kowa. Minti goma zuwa sha biyar ya fito ya faɗi, don haka ka sa manhajar Look4Sat a waya ko Gpredict a kwamfuta, ka riƙa sabunta bayanan falakin duk bayan 'yan kwanaki. Gudunsa ya haura kilomita 7 a daƙiƙa, wannan gudun kuma yana karkatar da mitar: a 435 tana hawa da kusan kilohaz 10 idan yana tahowa, ta sauka da haka idan ya ba da baya. Don SO-50, ka ajiye tashoshi biyar a rediyon, daga 436.805 zuwa 436.785, tsakaninsu kilohaz 5, kana sauka ɗaya bayan ɗaya. A 145 karkatar ba ta kai kilohaz 4 ba, ka bar ta yadda take. Ka buɗe maɓallin da ke toshe shuuu ɗin gaba ɗaya, domin muryar tana zuwa ne a raunane.

Wani daga Maraɗi ya ce yana aikawa amma ba ya jin komai, ko ya ƙara ƙarfin wuta?

A'a, don Allah kada ka ƙara. Wat 5 ya isa. Matsalar a kunne take. Eriyar roba da ke zuwa da rediyo ba ta wadatar ba, ka nemi eriyar Yagi ta hannu mai sanduna 3 na 145 da 7 na 435, kana bin tauraron da ita kana murza hannu, domin shi ma juyawa yake yi. Sai wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: rediyo yana kuma zubar da ɗan sigina a ninki uku na mitar da yake aikawa, kuma 145.850 sau uku 437.550 ne, dab da inda kake saurare, saboda haka na'urar aikawarka ce ke toshe maka kunne. Maganinsa matatar sigina, wato filter, a tsakanin eriya da rediyo. Ka kuma rage tsawon waya, don wayar eriya irin RG-58 mai tsawon mita 10 tana cinye kusan rabin siginar a 435. Mafi kyau rediyo biyu, ɗaya na magana ɗaya na saurare. Wanda bai ji muryarsa na dawowa ba, yana iya danne mutane goma bai sani ba.

Tambaya ta ƙarshe: shin akwai tauraron da ba ya motsi?

Akwai QO-100, na'urar masu sha'awar rediyo da ke jikin tauraron Es'hail-2 na Katar, an harba shi a Nuwamban 2018. Yana tsaye a digiri 25.9 gabas, maƙwabcin Arabsat, kuma Afirka duka tana ƙarƙashinsa. Daga Kano yana kudu maso gabas, a ɗage kamar digiri 65. Duk mai haɗa dish a unguwarku ya san wajen.

Saurarensa ba tsada. Dish mai faɗin santimita 80, da LNB (kan da ake ɗaurawa a gaban dish), da RTL-SDR (ƙaramar na'urar kama rediyo) a jikin kwamfuta, da abin da zai tura wa LNB wuta bolt 12 ta cikin wayar. Siginar tana sauka a 10489.5 zuwa 10490 megahaz, LNB ya cire 9750, sai ka same ta wajen 739.5. LNB na kasuwa mitarsa tana zamewa da zafin rana, har muryar mutum ta koma kamar ta agwagwa cikin 'yan mintoci. Ka sayi mai PLL, wato wanda mitarsa ba ta cika zamewa ba, ka sa manhajar RTL-SDR ɗin ta riƙe fitilar tauraron, wato siginar da yake fitarwa kullum a mita ɗaya, ta riƙa gyara kanta.

Aikawa a 2400 megahaz ake yi, wat kaɗan ya isa da irin wannan dish. Ba a yin FM a nan, SSB ake yi, wato salon aika murya mai siririn faɗi, faɗinta kada ya wuce kilohaz 2.7, ƙarfinka kuma kada ya fi na fitilar, in ba haka ba jiniyar gargaɗi za ta hau kan maganarka. Sai mai lasisi ke aikawa, da lambar kira mai farawa da 5N a Najeriya ko 5U a Nijar.