Rubutu da menu na ƙyaftawa a kwamfutata, ko allon ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof ta hannu mai Windows 10. Tun da ta yi sabuntawa makon jiya, rubutu da menu suke ta ƙyaftawa, su ɓace su dawo, har idona ya fara ciwo. Mai gyara ya ce sai an yi mata fomat ko a sauya allo. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yarda a yi fomat tukuna, balle sayen allo. Da farko a gano mai laifin, kuma gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato shafin da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfutar. Zuba masa ido. In komai na ƙyaftawa amma shi yana nan daram, to wata manhaja ce ba ta jituwa da Windows. In kuwa shi ma yana rawa tare da sauran, a fi zargin direban hoto, wato manhajar da ke haɗa Windows da na'urar da ke zana abin da kake gani a allo. Wannan gwaji Microsoft da kansu suke ba da shawarar a fara da shi.

Tunda ka ce bayan sabuntawa abin ya faro, ni direban nake zargi. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya yi duhu na daƙiƙa ɗaya ya dawo, an sake tada direban ke nan. In ƙyaftawar ta dawo, shiga Device Manager, wato shafin Windows da ke jera na'urorin cikin kwamfutar, ka buɗe Display adapters, ka danna sunan na'urar sau biyu, ko Intel ce ko AMD ko Nvidia, sai ka zaɓi Roll Back Driver a shafin Driver don a koma tsohon. In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, cire direban gaba ɗaya ka sake kunna kwamfutar, Windows za ta saka wani. Wani lokaci rawar kan hana mutum danna komai. To riƙe Shift ka danna Restart, ka bi ta nan zuwa Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai, ka yi aikin a can cikin natsuwa.

In manhaja ce, cire wadda ka saka ta ƙarshe, musamman ta riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta, wato antivirus. In a Chrome kaɗai abin ke faruwa, kashe graphics acceleration a saitinsa.

Sai kuma abin da ake yawan mantawa a wajenmu. Zare caja ka gani. Na sha ganin allo yana rawa a kan wutar janareta ko cajar jabu, ana zarewa ya lafa. Sannan ka ɗan ɗaga murfin laftof ɗin ka sauke a hankali. In ƙyaftawar na sauyawa da motsin, siririyar wayar da ta ratsa ta mahaɗar murfin ce ta sassauta ko ta fara cinyewa, kuma kuɗinta bai kai na allo ba. Ka kuma haɗa kwamfutar da talabijin ta HDMI. In hoton talabijin ya fito tas alhali allon laftof na rawa, sannan ne za ka koma wurin mai gyara, ka ce ya fara duba wayar kafin allon.

Af, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11, ka fara shirin ƙaura.