Akirilik ba ya buƙatar fanish, yaro

Ka tambaye ni wane fanish za ka shafa wa alƙalamin akirilik, wato robar nan mai tauri, in ka sauke shi daga injin sassaƙa mai juyi. Babu ko ɗaya. Sufa gulu da shalak na katako ne, shi ne mai shan abu. Akirilik ƙyallinsa a jikinsa yake, samfefa ce ke fito da shi. Ka lafta masa gulu, ba a jima ba sai ka ga ya fara ɗayewa daga baki.

Yadda ake sassaƙa ba zan maimaita maka ba, wanda bai iya wannan ba me ya kai shi zancen ƙyalli? Samfefa da ruwa ake yi, mai lamba 400 sannan 600, sai ka koma samfefa mai laushi da ake kira Micro-Mesh, guda tara, daga 1500 har 12000. Inji kada ya kai juyi 1000 a minti. Bayan kowace lamba ka kashe inji, ka goga a tsaye daga kai zuwa gindi, ka share dagwalon kafin ka ɗauki ta gaba. Ku yaran yanzu nan ne haƙurinku ke ƙarewa, kun ga bidiyon minti ɗaya a waya, sai ku yi tsalle daga 2400 zuwa 12000. To ka sani 12000 ba ta cire zanen da 600 ta bari, ƙara fito da shi take yi. Kuma kada samfefarka ta hau kan bushin, wato zobban ƙarfen da ke riƙe alƙalamin a inji, baƙin ƙarfen zai bi ta ya ɓata maka farin alƙalami. Daga ƙarshe ɗigo ɗaya na folish ɗin roba, Novus 2 ko PlastX, a kan tishu. Tishu na ce, don tsumma in ya naɗe a inji da yatsanka zai tafi.

Abin da ya sa ma na zauna in ba ka amsa shi ne zafi da sifirit. Akirilik yana laushi in ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Celsius, kuma gogar busasshiyar samfefa kaɗai ta isa ta kai shi can. Ko bai narke ba, ciki ya riga ya ɗaure, ranar da sifirit ya taɓa shi sai ya tsattsage. Wani mutum ya taɓa karɓar alƙalumai a wurina na ma'aikatansa gaba ɗaya, ya ba da rabin kuɗi, sauran sai an raba. Ya dawo da su a leda, kowanne ya yi zane-zane kamar saƙar gizo, wai folish ɗin banza aka sa masa. Ana kwance ledar warin sanitaiza ya bugi hanci. Tsagar kuma duk ta taru a baki, inda aka danna ƙarfen kai da na maƙali, wurin da roba ta fi matsuwa, wanda duk mai sana'a ya san aikin sifirit ne. Mutumin nan ya rantse ba abin da ya taɓa su sai hannu. Ya hana ragowar kuɗin, bai bar nan ba ya bi mutane yana ɓata aikin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don irin wannan tsaga ta shige ciki, ba samfefar da ke cire ta, dole aka fasa su aka ciro ƙarafan.

Saboda haka kai ma kada ka kuskura ka share alƙalami da sifirit ko asiton kafin ka haɗa shi, ruwa da ɗan sabulu sun isa. Mai saye kuma ka faɗa masa haka a gaban shaida, ka rubuta a takarda ka sa cikin kwalin, kuma kada kaya su bar hannunka sai kuɗi sun cika.